Ba a Haihuwar Yaro da Sunayen Amo a Kansa

Na karanta wata maƙala a kan mutanen nan da ake kaɗa wa amon kiɗa guda ɗaya tak su faɗi sunansa nan take, ba tare da an fara jiyar da su wani amon da za su gwada da shi ba. Batu ne da ba a saba ganinsa a rubuce da Hausa ba, kuma a kan wannan marubucin ya cancanci yabo. Inda ya dire ne ya hana ni yin shiru. Ya shawarci iyaye da malaman makaranta su riƙa gwada yara tun suna ƙanana, wanda aka samu da irin wannan kunne a danƙa masa kayan kiɗa, wanda ba a samu ba a nema masa wata hanyar, domin a ganinsa wahalar banza za a sha. Shawara ce mai iya rufe wa yaro ƙofa tun bai san da ita ba, kuma binciken da aka jingina ta a jikinsa bai ce haka ba.

Bari in fara shimfiɗa maganarsa yadda shi ma zai yarda cewa ita ce. Turawa sun ɗauki tazarar da ke tsakanin amo da ninkinsa, wato daga do zuwa do na sama, suka raba ta mataki 12, kowane mataki da sunansa. Yawancin makaɗa, har ƙwararrun cikinsu, ba sa iya faɗin sunan amo idan ya zo musu shi kaɗai. Sai an ba su na farko an ce ga sunansa, sannan su auna nisan da ke tsakaninsa da na biyu. Wannan shi ne kunnen tazara. Amma akwai tsiraru da ba ruwansu da wannan awon. Ƙararrawa ta buga, ko mota ta yi oda, sai su ce ai wannan amo kaza ne. Irin kunnensu kuma zan kira shi tsayayyen kunne. Marubucin ya ce masu shi mutum ɗaya ne cikin 10,000. Ya ce jinsu ya fi na kowa kaifi, hotunan ƙwaƙwalwa kuma sun nuna halittarsu daban take tun daga ciki, saboda haka abin ba ya koyuwa, ba ya kuma gushewa. Ya kawo labarin shahararren makaɗin nan Mozart, wanda wata jarida a Jamus ta bayar a 1763, yana ɗan shekara bakwai, ana kaɗa amo a wani ɗaki yana faɗin sunansa daga wani ɗakin. Daga nan ya yanke hukuncin cewa wannan kunne shi ne tambarin makaɗi na gaskiya.

Tsayayyen kunne gaskiya ne, ba tatsuniya ba. Ƙwaƙwalwar masu shi tana da bambanci da ta saura, gado ma yana da hannu a ciki. Duk na yarda da waɗannan. Fassarar da aka yi musu ce nake musu.

A ɗauki maganar kaifin ji. Sauti girgizar iska ne. Girgizar ta bugi dodon kunne, wasu ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa ta zuwa wani murɗaɗɗen bututu da ke can ciki, katantanwar kunne. A cikin bututun akwai shimfiɗaɗɗen tantani: siririn amo yana motsa shi daga bakin ƙofa, amo mai kauri yana motsa shi daga can ƙurya. Gano wannan ne ya sa aka bai wa Georg von Békésy lambar Nobel a 1961. Jijiyar ji tana ɗauke da wannan jeri har zuwa ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da ji, inda a nan ma kowane amo yake da unguwarsa. To, wannan tsari ba na Mozart kaɗai ba ne. Yana kan duk wani mai lafiyar kunne, da makaɗi da mai faskare. Bayanin cewa amo kaza ne ya shigo yana isa ƙwaƙwalwar kowa. Kuma da aka riƙa jiyar da mutane amo biyu masu kusanci ƙwarai a ce su faɗi wanda ya fi tashi, masu tsayayyen kunne ba su yi wa sauran ƙwararrun makaɗa wata fintinkau ba.

Kura-kuran da suke yi su ne ma suka fi tona asirin abin. Sau da yawa mai tsayayyen kunne zai faɗi sunan amo daidai amma ya kasa tantance do na ƙasa ne ko na sama, alhali girgizar ɗaya ninkin ta ɗayan ce. Yakan fi ganewa idan da fiyano aka kaɗa, ya yi tuntuɓe idan na'ura ce ta fitar da amon tsurarsa. Ken'ichi Miyazaki na Jami'ar Niigata a Japan ya nuna tun a ƙarshen shekarun 1980 cewa sun fi sauri da dacewa a kan fararen maɓallan fiyano fiye da baƙaƙen. Malam marubuci, ina katantanwar kunne ta san fari da baƙi? Amon baƙin maɓalli girgiza ce kamar kowace. Abin da ya raba su guda ne: da fararen ake fara koya wa yaro kiɗa, su ne ya fi ji ana kira da suna tun yana ƙarami. Kunnen da aka haifa da baiwa tsantsa ba shi da dalilin fifita abin da malamin fiyano ya fara koyarwa.

Idan ba kaifin ji ba ne, mene ne ke faruwa a cikin kan? A 1984 mujallar Science ta buga binciken Klein da Coles da Donchin na Jami'ar Ilinoi. Idan ana ta maimaita wa mutum amo ɗaya, sai aka jefo wani daban a tsakiya, na'urar auna lantarkin ƙwaƙwalwa tana nuna wani tashi bayan kamar kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa, wanda masana ke kira P300. Ana ɗaukarsa alamar ƙwaƙwalwa tana gwada sabon da tsohon da take riƙe da shi. A wurin masu tsayayyen kunne, wannan tashi ya yi rauni ko ya ɓace idan amo ne, amma da aka yi musu irin gwajin da abin gani sai ya fito kamar na kowa. Waɗanda suka maimaita gwajin daga baya ba duka suka ga bambancin ya kai haka ba, amma hanyar da ya nuna ta yi amfani: waɗannan mutane ba sa wahalar riƙe amo a ka don gwadawa, domin da ya shigo sun laƙa masa suna, sunan suke riƙewa.

A 1998 Robert Zatorre da abokan aikinsa a birnin Mantiriyal na Kanada suka leƙa ƙwaƙwalwar makaɗa suna cikin sauraro. Masu tsayayyen kunne, da amo ya shiga, wani wuri a gaban ƙwaƙwalwa ta hagu yakan kama aiki. An san wurin da aikin ƙulla abu da alamar da aka koya masa. Makaɗan da ba su da tsayayyen kunne, nasu wurin shiru ya yi. Amma da aka ce su faɗi irin tazarar da ke tsakanin amo biyu, abin da su ma suke da sunayensa, sai wurin nan nasu ya kama aiki shi ma. A 2005 Zatorre da Patrick Bermudez suka ƙara gaba, suka ɗauko mutanen da ba makaɗa ba, suka koya musu haɗa wasu sautuka da lambobi, aka ga wannan yanki ya farka a kansu su ma. Ashe ba wata gaɓa ce aka ƙara wa wasu aka hana wasu ba. Injin laƙa suna ne da kowa ke da shi, sai dai a wurin mai tsayayyen kunne an ɗaure shi da amo guda-guda, ɗaurin ya yi ƙarfin da ba ya bukatar tunani.

Yanzu ga babbar hujjar marubucin, hoton ƙwaƙwalwa. A 1995 Gottfried Schlaug da abokansa a Jamus suka ɗauki hoton MRI na makaɗa 30, da waɗanda ba makaɗa ba 30. A cikin makaɗan, 11 suna da tsayayyen kunne. Akwai wani ɗan fili a ɓangaren ji da likitoci ke kira planum temporale, wanda a yawancin mutane na hagu ya ɗara na dama. A wurin mutum 11 ɗin nan rinjayen na hagu ya fi fitowa fili. Wannan haka yake. Abin da maƙalar ta tsallake shi ne, da aka sake aunawa a 2001, sai aka ga ba na hagun ne ya yi wani girma na musamman ba, na daman ne ya yi ƙanƙanta. Masu wannan awon sun yi hasashen abin na iya somawa tun kafin haihuwa, kuma adalci ne in faɗi haka. A 2019 wani binciken ya sake samun cewa ɓangaren ji na masu tsayayyen kunne ya fi faɗi. Amma su wa aka ɗauka hoto a duk waɗannan? Manya ne da suka shafe shekaru masu yawa suna kiɗa tun suna 'yan ƙanana. Hoton babba ba ya faɗa maka yadda jaririn yake.

Ƙwaƙwalwa tana sauya siffa da aikin da aka sa ta. Eleanor Maguire ta nuna a 2000 cewa direbobin tasi na Landan, waɗanda sai sun haddace dubban tituna ake ba su lasisi, wani sashe na ƙwaƙwalwarsu mai kula da sanin hanya ya fi na sauran mutane girma. A 2011 ita da Katherine Woollett suka bi masu koyon aikin tun daga farko, suka ga sashen ya ƙaru ne a kan waɗanda suka yi karatun har suka ci jarrabawar. Wa zai kalli hoton direban nan ya ce an haife shi da taswirar Landan? To don me za a kalli na makaɗi a ce an haife shi da do-re-mi?

Su kansu sunayen ma, wa ya raɗa su? Amon da a yau ake kira A, mai girgiza sau 440 a daƙiƙa, wani taro ne da aka yi a Landan a 1939 ya tsayar da shi, hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta amince da shi a 1955. Kafin nan gwamnatin Faransa ta kafa doka a 1859 cewa 435 ne. Kafin wannan kuwa kusan kowane gari a Turai da nasa, kowace majami'a da yadda aka gyara molonta na iska. Har yau masu kaɗa kiɗan Turai na dauri sukan saita kayansu a kan 415, kusan mataki guda ƙasa da 440. Abin kamar mai awo ne a kasuwar hatsi, wanda zai ɗaga buhu ya ce maka mudu kaza ne a ciki, a auna a ga haka ne. Hannunsa bai fi naka jin nauyi ba. Shekarun da ya yi yana ɗagawa yana aunawa ne suka ƙulla masa kowane nauyi da adadinsa. Kuma mudun garinsu ya sani. Kai shi garin da mudunsu ya fi girma, lissafinsa ya tashi. Ta yaya za a haifi jariri da ma'aunin da wasu mutane suka zauna a Landan suka yanke ana gab da Yaƙin Duniya na Biyu?

Mozart ɗin da aka kafa hujja da shi, ɗan wane ne? Mahaifinsa Leopold malamin kiɗa ne, wanda littafinsa na koyar da gogen Turawa ya fito a 1756, shekarar da aka haifi yaron. Yana ɗan shekara huɗu aka fara zaunar da shi gaban maɓallai. Kafin jaridar nan ta ba da labarinsa ya yi shekaru yana jin amo tare da sunansa dare da rana.

Ba shi kaɗai ba ne. A 1998 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka tambayi makaɗa fiye da 600. Cikin waɗanda suka fara koyo suna shekara huɗu ko ƙasa, kashi 40 cikin 100 sun ce suna da tsayayyen kunne. Cikin waɗanda suka fara daga shekara tara zuwa sama, kashi 3 ne kacal. Wannan binciken ne dai ya nuna abin yana bin dangi, kuma a 2009 aka ga alamar alaƙarsa da wani wuri a kan ƙwayar gado ta takwas. Ga kuma kashi 60 ɗin da suka fara da wuri ba su samu ba. Saboda haka ba na cewa gado ba komai ba ne. Wani yaron yana zuwa da ƙwaƙwalwar da ta fi saurin kama wannan ɗauri. Amma daga kashi 40 zuwa kashi 3, me ya sauya? Jinin iyaye bai san shekarar da aka kai yaro wurin malami ba.

A Tokiyo akwai makarantar da ta ɗauki abin a matsayin darasi. Ana kaɗa wa yaro haɗin amo a fiyano, ya ɗaga tuta mai launin da aka ware wa wannan haɗin, 'yan mintuna kaɗan sau da yawa a yini. Ayako Sakakibara ta bi yara 24 'yan shekara biyu zuwa shida da aka yi wa wannan horo, ta buga sakamakon a 2014. Biyu sun bari a hanya. Sauran 22 duk sun samu tsayayyen kunne. Yara 22 cikin 22, a kan abin da aka ce sai mutum ɗaya cikin 10,000. Shi kansa wannan adadi na 10,000 tsohon ƙiyasi ne da ake ta jan sa tun shekarun 1950, ba ƙidayar jama'a aka yi aka same shi ba.

Diana Deutsch ta Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego ta zo da wani ɓangaren. A 2006 ta gwada ɗaliban babbar makarantar kiɗa ta Beijin da na makarantar Eastman a Amurka. Cikin waɗanda suka fara koyo suna shekara huɗu zuwa biyar, kusan kashi 60 na 'yan Sin sun ci gwajin, na Amurka kusan kashi 14. Mai ra'ayin marubucinmu zai yi wuf ya ce to ai ga jini nan. Sai dai a 2009 ta je Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta gwada ɗalibai 'yan asalin gabashin Asiya, ta kasa su bisa yadda suka iya harshen iyayensu mai karin sauti. Waɗanda suka iya shi sosai sun yi zarra. Waɗanda ba su iya ba, sakamakonsu bai bambanta da na Turawan ajinsu ba. Asali ɗaya, harshe daban, sakamako daban.

A nan dole in ja wa kaina da mai karatu birki, domin Hausa ma harshe ne mai karin sauti, kuma na san akwai wanda zai ce shi ke nan mu ma duk muna da shi. A'a. Karin sautin Hausa na gwadawa ne. Gaɓa tana zama ta sama ne idan an gwada ta da maƙwabciyarta, shi ya sa dattijo mai kakkaurar murya da jikarsa mai siririyar murya suke faɗin kalma ɗaya a fahimce su. Masana harshe sun daɗe da lura cewa muryar Bahaushe gangarowa take yi a cikin jimla, har karin sama da ke ƙarshen doguwar jimla ya iya komawa ƙasa da karin ƙasa na farkonta, kuma ba wanda ke ruɗewa. Japan kuwa, inda tsayayyen kunne ya yi yawa a tsakanin ɗaliban kiɗa, harshensu ba irin na Sin ba ne. Abin da suke da shi shi ne al'adar kai yara ajin fiyano tun suna shekara uku ko huɗu, ana rera musu kowane amo da sunansa wanda ba ya canzawa. Harshe na iya share fage, amma sai an zo da sunayen an kuma zo da su da wuri.

Makafi ma sun ba da tasu shaidar. A wani bincike na 2004 da Schlaug ke ciki, cikin makafi 21 da suka rasa gani tun suna ƙanana kuma suka koyi kiɗa, 12 suna da tsayayyen kunne, har da waɗanda suka fara koyo a makare. Kuma rinjayen filin hagun nan da marubucin ya mayar hatimi bai fito a kansu bai-ɗaya ba. Ƙwaƙwalwar da ta dogara da kunne wajen sanin duniya ta samo wata hanyar zuwa wuri ɗaya.

Manya fa? Nan ne aka daɗe ana cewa ƙofa ta rufe, kuma gaskiya tana da wuyar buɗewa. Amma a 2019 Stephen Van Hedger da abokan aikinsa suka horar da manya shida na mako takwas, waɗanda aka zaɓo saboda ƙarfin riƙe sauti a ka, biyu daga cikinsu suka kai matakin da ba a raba su da masu tsayayyen kunne a gwaji. A 2025 masu bincike a Jami'ar Surrey ta Ingila suka horar da manyan makaɗa 12, su ma mako takwas, biyu suka iya dukkan amo 12 da sauri da dacewa. Adadin kaɗan ne, ban ɓoye ba. Amma wanda ya ce abu ba ya yiwuwa ko kusa ko alama, mutum ɗaya da ya yi shi ya isa ya rushe maganarsa.

Sai batun cewa ba ya gushewa. A 2013 a Jami'ar Shikago aka jiyar da masu tsayayyen kunne wani dogon kiɗa na Brahms. Ba tare da an faɗa musu ba, aka riƙa sauke amonsa sannu a hankali cikin minti 15 na farko, har ya sauka da kashi ɗaya cikin uku na mataki, aka bar shi a haka. Ba su lura ba. Da aka gama aka gwada su, amon da aka sauke shi suka ce daidai ne, na daidai ɗin kuma suka fara ganin ya kauce. A zama ɗaya ma'aunin da aka ce an sassaƙa shi tun a ciki ya matsa. Tsufa ma yana matsar da shi. Wani gwaji da aka yi wa mutum 2,213 aka buga a 2007 ya nuna cewa yayin da masu shi ke manyanta, sukan ji amo ya fi yadda yake tashi, su kira shi da sunan na samansa. Shahararren makaɗin fiyanon Rasha Sviatoslav Richter, wanda ya rasu a 1997, ya koka da wannan a ƙarshen rayuwarsa: yatsunsa na kaɗa abu ɗaya, kansa na faɗa masa wani. Likitoci sun kuma ba da rahoton masu shan wani maganin farfaɗiya, kabamazafin, da suka riƙa jin kowane amo ya sauka da kusan mataki guda. Sunayen suna nan a ka, amma kullum ƙwaƙwalwa tana sake daidaita su da abin da kunne ke kawo mata.

Duk wannan da sauƙi a kan magana ta ƙarshe, wadda ita ce ta fi yi mini ciwo: wai wanda ba shi da wannan kunne ba makaɗin gaskiya ba ne. Me ke sa waƙa ta zama waƙa? Mace ta ɗauko ta daga sama, namiji ya ɗauko ta daga ƙasa, babu amo ɗaya da ya zo daidai a tsakaninsu, amma duk wanda ya ji ya san waƙa ɗaya ce. Tazarar da ke tsakanin amo da amo ita ce waƙar. Miyazaki ɗin nan ya nuna a 1993 cewa wasu masu tsayayyen kunne sukan rikice idan aka ɗauke kiɗa daga mazauninsa da suka saba aka ce su faɗi tazara, domin sunaye suke ji ɗaya-ɗaya, sai sun tsaya sun yi lissafi. A 2012 ya gwada ɗaliban kiɗa na Japan da na Folan. Kusan kashi 30 na 'yan Japan suna da tsayayyen kunne, 'yan Folan kashi 7. A wani gwajin tazara da ya yi daga baya kuwa, 'yan Folan ne a gaba. Da za a bi shawarar marubucinmu, mafi yawan ɗaliban ƙasar da ta haifi shahararren makaɗi Chopin da an sallame su tun daga bakin ƙofa.

Mu dawo gida, tunda da Hausa aka ba da shawarar kuma yaranmu za ta shafa. Makaɗin kalangu yana matse tsarkiya a hammata, amo ya tashi, ya saki ya sauka, yana bin hawa da saukar magana har mai sauraro ya ji kirarin da ake faɗa. A wane mataki cikin 12 za a ajiye wannan? Mai goge da mai kukuma da mai gurmi suna ɗaure tsarkiyarsu ne daidai da muryar mai waƙa a wannan ranar. Fatar ganga tana ɗamewa da hunturu, ta saki da damina, har sai an kanga ta a wuta ko a rana. Kuntigin Ɗanmaraya Jos tsarkiya ɗaya gare shi. Mamman Shata ya shafe fiye da rabin ƙarni yana waƙa a kan kalangu, Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo suka yi tasu a kan kotso, 'yan amshi na karɓa ba tare da wani ya busa musu A mai 440 ba. Gwanintarsu a tazara take, da lokaci, da sanin inda kalma za ta faɗa a kan kiɗa. Shin waɗannan ne ba makaɗan gaskiya ba?

Matsayina a fili yake. Tsayayyen kunne ɗauri ne tsakanin amo da suna, wanda ƙwaƙwalwa ke ƙullawa galibi a ƙuruciya, idan yaro ya samu sunayen da wuri, kuma wasu yaran sun fi wasu saurin ƙulla shi. Yana da amfani ga mai rubuta kiɗa daga ji, da mai fara wa ƙungiyar mawaƙa amo ba tare da kayan kiɗa ba. Ba kaifin ji ba ne, ba tambarin gwaninta ba ne, kuma ba abin da za a tace yara da shi ba ne.

Ko ta fuskar aiki ma gwajin da aka ba da shawara ba zai auna abin da ake so ba. Tambayar da ake yi a cikinsa ita ce, mene ne sunan wannan amo? Yaron da ke Gumel ko Tasawa wanda bai taɓa ganin fiyano ba zai faɗi tun kafin a kaɗa, ko da ƙwaƙwalwarsa ta fi ta kowa riƙe sauti, domin ba a taɓa faɗa masa sunayen ba. Daniel Levitin ya kauce wa wannan tarko a 1994. Ya ce wa mutum 46, yawancinsu ba ƙwararrun makaɗa ba, kowa ya rera waƙoƙi biyu da ya fi so daga ka, sannan ya gwada da faifan asali. Kashi 40 cikin 100 sun dace da ainihin amon faifan a aƙalla waƙa ɗaya. Riƙe amo a ka ya yaɗu a cikin jama'a fiye da yadda ake zato, sunan ne kawai babu. Malamin da yake son sanin ko yaro zai yi kiɗa, ya rera masa layi ɗaya ya ce ya maimaita, sannan ya ɗauko layin daga sama kaɗan ya ga ko zai bi, ya tafa masa kiɗa ya ga ko zai riƙe. Yaron da ya kasa a ranar farko kuma a sake kiransa bayan wata uku na koyo, domin waɗannan ma da horo suke ƙaruwa.